Makullin Tafki na Uku

Shekara biyu Noemí Ayaviri ta yi tana zirga-zirga tsakanin jami'a a Cochabamba da ƙauyensu, tana aikin digirinta na biyu a kan tafkuna uku da aka haƙa a gangaren gari. Ruwan ƙazantar gidaje yana shiga na farko baƙi ƙirin, ya ratsa tsakuwa da saiwoyin totora, doguwar ciyawar nan ta fadama, ya fito a na uku garau. A bakin na ukun akwai ƙofar ƙarfe da ke tare ruwan kada ya gangara gonaki, makullinta kuwa yana hannun Noemí.

Bana ruwan sama ya yi jinkiri. Ranar Alhamis da hantsi ta sauko daga mota da sakamakon gwaji a jaka, sai ta tarar da mutum kusan talatin a bakin tafkin, kowa da fartanya. Don Eulogio, shugaban manoman rani, yana zaune a kan ƙofar yana tauna ganyen koka, wanda mutanen yankin ke taunawa kamar goro. A bayansa goggonta Felipa ce, wadda ta rene ta.

"To, Injiniya ta iso," in ji Don Eulogio. "Miƙo makulli, 'yar nan. Latas na mutuwa."

Ta fito da takardar, ta gaya musu ƙwayoyin cutar gudawa ba su ragu yadda ake so ba, latas kuma ɗanye ake ci. Wani ya ɗebo ruwan a hularsa ya nuna mata, wai ta nuna masa ƙwayar ko guda. Aka yi dariya marar daɗi. Ta kira malaminta a waya, ya ce yana tsakiyar jarrabawa, takarda dai tana hannunta, ta san abin da ke ciki.

Kafin ta mayar da wayar aljihu, wani ƙato ya matso da guduma. Noemí ta haye kan ƙofar, ta ɗora ƙafa a kan kwaɗon.

"Sauko, kada ki kunyata ni," in ji Felipa. "Da wannan latas ɗin na tura ki makaranta."

"Goggo, in na buɗe, ranar Asabar za ki kai shi kasuwa. Wata za ta saya ta yanka wa 'ya'yanta."

Mai guduma ya dubi Don Eulogio, shi kuwa ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya tofar da ganyen bakinsa, ya tambaye ta ko akwai shukar da za ta iya shan ruwan. Ta ce masara da harawar shanu, amma ta cikin kwarin kunya kawai, kuma kowa ya sa takalmin roba. Magudanar da ta nufi gonakin latas sai an toshe ta tukuna.

Aka yi ta gardama har azahar, masu latas suna cewa an fifita masu shanu. Daga ƙarshe Don Eulogio ya ɗauki dutse ya jefa a bakin magudanar, wasu suka bi shi da ƙasa. Sai da ta ga ta toshe sarai ta buɗe kwaɗon.

Masarar ta tsira. Latas ɗin Felipa ya ƙone cikin kwana tara, ta kuma daina amsa gaisuwar Noemí. Ita kuwa ta rage gudun ruwan don ya daɗe a cikin totorar, duk Litinin tana zuwa ta ɗibi na gwaji, ta kwana a gidan wata ƙawarta. Sai a mako na shida ƙwayoyin suka ragu yadda ake so. Lokacin an riga an yi ruwan sama sau biyu.