Bindigar da Nomau Ya Zaɓa

Jiya bayan na kwanta wani mafarki ya zo mini, zan kuma faɗe shi yadda ya zo, ba ragi ba ƙari.

Na gan mu ni da ƙanena Nomau muna tafe a wata ƙasa, igiyar shanun gandunmu a hannuna, jan sa da farin sa. Su ke nan gare mu. Da su muke huɗar gonar da mahaifinmu ya bari, gida biyu ke ci daga wuyansu. Nomau na gaba yana wannan magana tasa da ya ishe ni da ita ko a farke, wai ɓarayin shanu sun matso, wai shi sai ya mallaki bindiga. Mutumin da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya kau da kai.

Ƙasar ba ta da wani laifi sosai. Hanya ce dai muna wucewa ana naɗe ta a bayanmu kamar tabarma, saboda haka zancen komawa bai taso ba. Itatuwa ke bin mutane suna neman inuwa. Wata tsamiya ta biyo ni ta biyo ni, daga baya ta ce inuwata ba kauri, ta koma bayan wata mata mai jiki. Hayaƙin gidaje kuwa gangarawa yake ya shige rijiya, shi ya sa ruwan garin ke ƙauri. Na wuce abina. Baƙo ne ni.

Sai ga mu a kara, inda ake cinikin dabbobi. Amma ba dabba ko ɗaya a turke. Bindigogi ne a ɗaure, kowace da igiyarta, an zuba musu dusa gauraye da albarushi suna ci. Dogayen na tsaye shiru kamar raƙuma, guntayen na ta zabura suna cizon juna.

Dillalin wurin hankaka ne, farin ƙirjinsa ya sha guga. Ya tare mu da doguwar gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi shanun da kansu, suka amsa. Sannan ya ce in kawo igiyar ya riƙe mini, bai dace dattijo kamata ya tsaya da igiya a rana ba. Na san kara. Na san igiya in ta shiga hannun dillali mai dabba ya koma ɗan kallo. Amma ya kira ni dattijo a gaban jama'a, ya kuma russuna. Na miƙa masa.

Ya fara nuna wa Nomau wata doguwa mai siririn hanci. Ya ce wannan ba ta da surutu, ba ta da ci, abin da ka nuna mata shi take samu. Nomau ya taɓe baki, ya ce ina zai sa ta? Shi wadda yake so ita ce mai shiga aljihun riga ta kumbura shi, in ya zauna a majalisa kowa ya gani amma ba mai cewa ya nuna. Hankaka ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ya gane, bindigar zama ake nema, ba ta harbi ba.

Ya kai mu ƙarshen layi, wajen libarba, wato 'yar bindigar hannun nan mai cibiya tana juyawa. A nan ba a zaɓe da ido, da yatsa ake yi. Mai saye ya tura yatsa a bakin bindiga. Wadda ta ɗauki ƙaramin yatsa ta masu tsoron ɓera ce. Wadda ta ɗauki manuni ta masu tsoron ɓarawo ce. Wadda ta haɗiye babban yatsa kuwa ta masu tsoron a ce ba su isa ba ce. Ni dai na san ɓarawo ya kawo mu. Nomau ya wuce ta manunin ko kallon arziki bai yi mata ba. Ya gwada ta babban yatsa, ya ce ta matse shi. Sai ya tuɓe takalmi ya ci gaba da gwaji da babban yatsan ƙafa.

Wadda ta yi masa daidai tana can ita kaɗai, an ɗaure ta da sarƙa. Guntuwa ce, ƙatuwa, hancinta kamar an sare shi da gatari, baki kuwa kamar na tulu. Harsasanta don ƙiba kaɗan ne ke samun ɗaki a cibiyar, sauran a waje suke kwana. Nomau ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa bayanta kamar mai sayen ragon layya. Ta yi gyatsa, wata rumfa ta faɗi.

"Tana shuri?" in ji Nomau.

"Ba ta shurin baƙo," in ji hankaka. "Mai ita kaɗai take shura."

Nomau ya ce ai haka ake son abin kiwo, ya san mai shi.

Aka ɗora ƙwarya a kan kututture don gwaji. Nomau ya riƙe bindigar da hannu ɗaya, ɗayan a ƙugu, don jama'a na kallo. Ya rufe ido duka biyu ya ja kunama. Ƙarar da ta yi sai da gashin hankakan ya zube kaf ya sake tsirowa. Harsashi ya fito ya tsaya a iska, ya waiga ya tambaye ni ina aka ce ya je. Wai hanyar da ya biyo a ciki gajeriya ce, ba a samu sararin yi masa kwatance ba. Na kau da kai, ba ni na aike shi ba. Ya ɗan yi tunani, ya karkata hagu ya fasa randar wata mai kunu. Ƙwaryar ta jira ta jira, da ta ga ba mai nemanta ta sauko ta tafi gida.

Nomau kuwa babu shi, takalmansa kawai a wurin. Hankaka ya ce kada in damu, shurin ne ya jefa shi kasuwa ta gaba, sai mu jira ta ci. Muka zauna. Kasuwa ta watse ta sake ci, sai ga Nomau ya faɗo ta bayan rumfar masu gishiri, wuyan hannu ya kumbura kamar kabewa, kunne ɗaya ya mutu, yana murmushi. Ya ce ita yake so. Bai tambayi ƙwarya ba. Abin da ya tambaya shi ne ko mutanen ƙauyuka sun ji ƙarar.

Aka zo ciniki. A ƙasar ba a sayen bindiga da kuɗi. Hankaka ya yi bayani cewa abin da mutum zai tsare da ita shi yake bayarwa, in ba haka ba ta yaya za a san da gaske yake son abin. Ya tambayi Nomau me zai tsare. Nomau ya nuna jan sa.

To, a gidanmu akwai tsari. Babba ba ya jayayya da ƙaninsa a bainar jama'a. Tun muna samari in Nomau ya ɗauko shirme gyaran murya kawai nake yi ya ajiye, ko a wurin ɗaurin aure ne, ko a gaban mai unguwa. Sai na gyara murya, mai ƙarfi, daga ƙirji.

"Dattijo ya sallama," in ji hankaka. "Allah ya sa albarka."

Jama'a suka shafa. Mai kunun nan ce ta gaya mini, tana tsince gutsattsarin randarta, cewa a ƙasarsu gyaran muryar babba shi ne sallamawa, ko alƙali ba ya warware shi. Aka kwance jan sa. Da zai tafi ya dube ni ya ce ya gode da zama, sai dai a riƙa ba farin sa kanwa, cikinsa na damunsa. Aka tafi da shi.

Nomau ya cusa libarba a aljihu, aljihun ya yage, ya tallafe ta da hannu ta ciki. Sai hankaka ya tuna masa cewa harsashi daban ne, wancan na ɗanɗano ne. Ya dubi farin sa.

Wannan karon na ce kunya ta yi ta kanta. Zan yi magana da baki kowa ya ji. Zan ce masa garma ba ta jawuwa da sa ɗaya balle babu, zan ce masa damina na bakin ƙofa, zan ce masa wanda ya haife mu bai bar mana shanun nan don a musanya su da ƙara ba. Na tsara maganar tsaf a raina. Amma ni tun da na yi gemu ban taɓa buɗe magana ban gyara murya ba. Ban ma san na yi ba sai da na ga ana shafawa.

Na yi maganar duk da haka. Na faɗe ta duka, ashe a kunnen da ya mutu.

Sai ga mu a ofishin ba da izini. Wani bunsuru mai tabarau ke kan kujera. Bai kalli Nomau ba, bindigar ya tambaya ko ta yarda ta riƙe wannan mutum, ko za ta iya da shi, ko tana da wurin ajiye shi inda yara ba za su taɓa ba. Ta ce za ta yi ƙoƙari. Bunsuru ya gargaɗe ta kada ta riƙa fita da shi a cike. Ya ɗaga kai ya tambaye ni ko ina da abin cewa. Na girgiza kai. Ya ce dattawan bana ba su da magana.

Sai ga mu a gona. Hadari a can ƙarƙashin ƙasa yake haɗuwa, a tafin ƙafa ake jin tsawa. Ruwan shuka ya riga ya taso, ƙasa ta yi laushi, maƙwabta na ta huɗa. Tamu gonar na kwance, karkiya a yashe. Matanmu da 'ya'yanmu sun jeru a bakin gona da ƙoren iri a hannu suna jira.

Nomau ya ce akwai matsala. Na ɗauka ya farga. Ashe wai bindigar ce ta fara rama don ba ta da abin tsarewa, kuma hankaka ya ce in ta daɗe a haka mai ita za ta fara ci. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya je ya ɗauko karkiya. Na nuna masa ɗaya gefen da haɓa, ya ce ina, hannunsa ba sarari, in ya saki aljihu wa zai yi gadi? Garma ta riƙe kanta da kanta ta ce in ja.

Na ja. Ba don Nomau ba, don ƙoren irin nan. Karkiya ta rinjaya gefe guda, kunyoyin suka fito kamar sawun maciji. Nomau na gefena yana taku, ƙirji a gaba.

"Yaya, ja abinka hankali kwance," in ji shi. "Muddin ina nan ba ɓarawon da zai taɓa ka."

Ɓarayi suka iso da hantsi, da sallamarsu, babbansu bisa jan sa, na biye da shi bisa fari. Mutane masu ladabi. Suka ce godiya suka zo yi wa Nomau. Da can sai sun tsallake shinge sun sha ƙaya, yanzu kuwa a kara suka karɓa, a hannun dillali, da shaidu. Babban ya sauko ya ɗaga leɓena ya duba haƙora. Nomau ya shiga kokawa da aljihu, bindigar ta maƙale a wurin yagewar, yana cewa wannan kam ba za su tafi da shi ba. Babban ya ce dama ba ya so, na tsufa, ga taurin kai a idona.

Nan ran Nomau ya ɓaci, wai an raina masa kaya. Ya shiga yabona. Ba ni da ci, ba na kwanciya a tsakiyar aiki, ga ƙashi, har da buga kafaɗata don a ji. Babban ɓarayi ya ce to shi ke nan, tunda an matsa, yana da wani kube na jar fata daidai guntuwar libarba, mai ɗamara, irin wanda ake ratayawa a waje ba sai an wahalar da aljihu ba. Ya fito da shi. Idon Nomau ya tsaya a kai bai sake motsi ba. Hankaka ya sauko daga sama ya kama igiyar da ke wuyana. Ban san lokacin da aka sa mini ita ba.

Kowa ya juyo gare ni. Ciniki ya kai, saura babba.

Maganar na nan a bakina, 'yar ƙarama, a'a ce kawai. Amma maƙogwaro ya tare hanya. In na gyara shi an sayar da ni, gona ta zauna ba huɗa, iri ya koma rumbu. In ban gyara shi ba maganar ba ta san ta inda za ta fito ba. Na haɗiyi yawu. Wani abu ya taso kamar an watsa mini barkono a wuya, na danne. Idona ya kawo ruwa, jijiyoyin wuyana suka miƙe, karkiya ta fara ƙara. Nomau ya matso da kunnensa mai rai, cike da tausayi.

"Yaya, kada ka cuci kanka," in ji shi. "In tari ne yi abinka, duk na gida ne."

Sai na ji ta, ƙur, ƙur, mai kaushi, daga can ƙasa. Hankaka ya buɗe baki, jama'a suka ɗaga hannu.

Na buɗe ido. Mai ɗakina ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunyar tuwo da cokali, rana har ta hau katanga. Ta leƙo ta ce, "Malam, an tashi lafiya?"

Hannu kawai na ɗaga mata.