Gurbin Littafi a Akwatin Malama Ramlat

Ni na gayyato Malama Ramlat Dikko, saboda haka duk kunyar da za a ji ranar tawa ce ni kaɗai. Marubuciya ce, littattafan tarihi take rubutawa a kan mutanen da suka bar garuruwansu suka zauna ƙasar wasu, da yadda suka yi ta fafutukar neman haƙƙinsu. Da na ga ta sanar cewa za ta yada zango a Dubai a hanyarta ta zuwa Kano, sai na tura mata saƙo, na ce Hausawan nan suna matuƙar son karatu. Har yau ban san abin da ya sa na ƙara "matuƙar" ɗin ba. Ta ce za ta zo.

Kawu Ɗantani, ƙanin Ummana, ya ara mana falon da ke saman ofishinsa na kago, wato aika kaya gida, a unguwar Al Rigga. Na sa sanarwa a gurup ɗinmu na 'yan Kano a waya. Mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma tambaya ya yi ko akwai shinkafa.

Ana gobe taron na same shi a ofis. "Kawu, ba wanda zai zo. Daga ni sai kujeru za ta tarar."

"Daga nan ina ta nufa?"

"Kano."

"Da kaya?"

"Akwati ɗaya. Littattafai ne, a nan za ta rabar."

Ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Wato fanko zai tafi Kano. Khalas, shi ke nan, Muhsinat, kwantar da hankalinki."

Washegari bayan la'asar na hau falon, na tarar ba masaka tsinke. Har da 'yan kasuwar Deira waɗanda ko takardar magani ba sa karantawa. Daɗi ya kama ni, sai kuma na lura kowa da ƙunshi a ƙarƙashin kujerarsa, an naɗe da salatif. Mu nan in mutum zai tafi gida, ko jiya ka san shi, sai ka haɗa shi da saƙo. Kawu ya baza labarin cewa ga akwati zai tafi Kano babu komai a ciki.

Malama ta shigo tana jan akwatin, ta ga jama'a, har ta dafa ƙirji don murna. Ta yi bayanin Hausawan zangon Kumasi da aka taɓa kora daga Gana, da baƙaƙen fatar Amurka da suka ƙaurace wa motocin bas suka riƙa tafiya a ƙasa har aka daina ware musu kujerun baya. Duk sanda ta zaro littafi ta ajiye a tebur, sai wuyoyi su miƙe a leƙa gurbin da ya bari.

"Akwai mai tambaya?"

Hajiya Safiya mai turare ta ɗaga hannu. "Malama, Allah ya ƙara basira. Kilo nawa jirginku yake ba mutum?"

Kafin ta amsa, Alhaji Sabo mai takalma ya jawo kwali daga tsakanin ƙafafunsa. "Tukunyar shinkafa ce ta lantarki, 'yar ƙarama. Ta ƙanwata ce a Fagge, ita za ta zo ta same ki, ba sai kin wahala ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malama ta cire gilashinta, ta dubi ƙarƙashin kujeru ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dube ni.

"Muhsinat, waɗannan ne masu son karatun?"

"Eh... wasu daga ciki," na ce, muryata kamar ta sauro.

Har na fara tsara yadda zan koma gidanmu a Al Karama in daina fita. Sai Malama ta buɗe akwatin gaba ɗaya.

"To ku ji. Duk wanda ya ɗauki littafi, ya karanta mana shafi ɗaya a fili, saƙonsa ya shiga inda littafin ya fita. Gwargwadon kaurin littafinka, gwargwadon saƙonka."

Nan take aka yi ca a kan masu kauri. Hajiya Safiya ta ce ita ba ta da haɗama, ta ɗauki siriri, ta karanta da gudu kamar mai sanarwa a filin jirgi, kwalaben turarenta suka shige. Wani ya nemi a bar shi ya karanta bangon littafin, aka hana shi. Alhaji Sabo ya auna tukunyarsa da tafin hannu, ya rungumi na Kumasi har kwafi uku.

"Shafi uku kenan, Alhaji," in ji Malama.

Ya gyara zama, ya ɗora yatsa a layi, ya fara. Bai yi nisa ba ya tsaya.

"Wa ya yi lodin motar nan? Ana ɗora keken ɗinki a kan buhun goro?"

"Alhaji, korarsu fa aka yi," in ji Malama.

"Ko kora ce, ai lodi lodi ne."

Ya ci gaba yana karatu yana tsaki. Ya gama shafi uku bai ɗago ba. Sauran suka yi ta karanta nasu a gefensa, ƙunshi na shiga, har akwatin ya cika ya yi tozo, sai da Kawu ya zauna a kai kafin zif ya ja. Ba littafi ko ɗaya a tebur.

A bakin ƙofa Malama ta riƙe hannuna, tana dariya har da hawaye. "Na je makarantu da yawa, ba inda aka taɓa wawashe min littattafai haka. Zan sake biyowa, in sha Allah. Ke za ki shirya."

Na gyaɗa kai.

Kawu ya ɗauki akwatin yana nishi, ya waiwaya. "Yalla, mu je, Alhaji, mota na jira. Tukunyarka fa ba ta shiga ba."

Alhaji Sabo ya lashi yatsa ya juya shafi. "Dakata min, habibi. Ba su ƙetare boda ba tukuna."