Eriya a Bayan Agogon Baba

Zaren jan ƙarfen eriyar ya fi kamu guda, ita kuma Injiniya so take ta cusa shi a bayan agogon hannu. A miƙe ba zai shiga ba. Sai ta lanƙwasa shi, kowace lanƙwasa ta sake karya ta da siffar uwarta, ƙanana cikin manya, har eriyar ta dawo kamar farcen babban yatsa, tana kuwa kama saƙo yadda doguwa take kamawa.

Agogon na mahaifinta ne. Tun da mantuwa ta kama shi, kullum da hantsi sai ya sulale ya fice, a yi ta cigiya. Duk na'urar gano inda yake da aka rataya masa sai ya yar, agogon kaɗai ba ya rabuwa da shi, ko da yake ya daɗe da tsayawa. Yayanta ya gaji, ya sayo kwaɗo, ya ce a kulle Baba a ɗaki kowa ya huta. Da ƙyar ta roƙi arziki ya ɗaga mata ƙafa. Ya ce to, a ga ƙarshen boko.

Ranar gwaji, ɗigon da ke nuna inda agogon yake ya bayyana a wayarta yana tafiya. Ta bi shi. Baba ya shiga lungu ya fito, ya koma wani ya sake fitowa, doguwar tafiya a 'yar unguwa, don gine-gine sun cinye hanyoyin da ya sani.

A ƙofar tsohuwar firamarensu ta same shi, ya raɓe a inuwar katanga yana duba agogo.

"Baiwar Allah, an tashi 'yan aji ɗaya?" in ji shi. "Ƙaramar 'yata nake jira. Tsoron tsallaka titi take yi."

Ta ce an tashi, ai 'yar tasa ta riga shi gida.

Wayarta ta yi ƙara, Yaya ne, yana tambaya ko a sa kwaɗon.

"Mayar wa mai shago, Yaya. Na san inda yake zuwa."

Da suka iso bakin titi, Baba ya damƙe wuyan hannunta, ya duba dama ya duba hagu, ya ce kada ta sake shi sai sun tsallaka.