Sunan 'Yar Fari a Ƙofar Asibiti

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga wanda Ya san abin da kowace mahaifa ke ɗauke da shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Hajiya Raki ta ja ta tsaya a bakin ƙofar asibitin, ta miƙa wa 'yarta jakar da ta riƙo mata.

"Shiga. Ina nan."

"Hajiya, tun daga Manchester kika taso da asuba saboda wannan," in ji Murja. "A ƙofa kuma za ki tsaya?"

"Ke, shiga mana. Sai mutane sun taru a kanmu?"

Murja ta shige ita kaɗai. Cikinta wata uku ne, kuma likitoci biyu sun tabbatar cewa ƙoƙon kan jaririn bai haɗu ba, ba zai rayu ba bayan haihuwa. Mijinta yana Kano yana jinyar mahaifinsa. Hajiya Raki ba ta yarda a cire cikin ba sai da ta tambayi malamai uku. Ɗaya ya hana. Biyu suka ce larura ce, kuma ba a kai kwana ɗari da ashirin na busa rai ba. Shi ya sa ta baro unguwarta ta Gorton a Manchester ta biyo jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

Amma Murja 'yar fari ce. Shekara talatin da ɗaya Hajiya Raki ba ta taɓa furta sunanta ba, ba ta taɓa riƙe hannunta a gaban mutane ba, domin haka ta ga uwarta ta yi. Sai ta jingina da katanga, ta ciro carbi, ta shiga salati leɓunanta suna motsi.

Ba ta kai ɗari biyu ba wata ma'aikaciya ta fito, da suna Chloe a manne a ƙirjinta. Cikin ladabi ta yi mata bayani da Turanci cewa wata mata ta shigo tana kuka, ta ce ana yi mata addu'a a ƙofa. Doka ta hana duk abin da zai matsa wa masu shiga a cikin mita ɗari da hamsin na asibitin.

"'Yata nake jira," in ji Hajiya Raki.

"To, yaya sunanta? Zan tambaye ta, in ta yarda sai ki shigo."

Hajiya Raki ta kauce wa faɗin sunan.

"'Yata ce. Mai shuɗin mayafi."

"Sai da suna, ki yi haƙuri. In babu, ki koma can bayan tashar bas, don kada a kira 'yan sanda."

Hajiya Raki ta gyara mayafinta, ta taka zuwa can ba tare da ta waiwaya ba. A wurin akwai mutum huɗu riƙe da kwalaye masu rubutun adawa da zubar da ciki. Wani dattijo a cikinsu ya dubi carbinta, ya yi murmushi.

"Sannu, Mama. Ke ma sun koro ki?"

Hausar ta ba ta mamaki. Ya ce sunansa Gamaliel, mutumin Kafanchan, kuma ya ji maganarsu lokacin da suka wuce.

"Ƙasar da addu'a ta zama laifi ke nan," in ji shi. "Tsaya tare da mu. Ke da carbinki, ni da littafina, abu ɗaya muke roƙo."

"Me kake roƙo, Malam?"

"Kada a kashe rai."

"Ni ma na san girman rai. Mako biyu ban yi barcin kirki ba a kansa." Ta nuna asibitin da carbin. "Ka san abin da ke cikin yarinyar da ta wuce ka ɗazu?"

Ya ce, "Ban sani ba. Amma rai rai ne, Mama."

"To ni na sani, na kuma tambayi waɗanda suka fi ni sani. Kai kwali ka zo riƙewa. Ni 'ya na kawo."

Dattijon ya sauke kwalinsa ƙasa kaɗan.

"Faɗa mini sunanta, in sa ta a addu'a."

Sau biyu ke nan ana tambayarta sunan a safiya ɗaya. Hajiya Raki ta dubi ƙofar asibitin daga nesa. Yarinyar tana ciki a tsakanin baƙi, ba miji, ba uwa, uwar kuma tana nan tana gadin kunya.

"Allah Ya san sunanta," in ji ta, ta juya.

Ta danna ƙararrawar ƙofa, ba ta ɗauke yatsa ba sai da Chloe ta buɗe.

"Murja," in ji Hajiya Raki, da muryar da ta kai har ɗakin jira. "Murja Jumare. Ni na haife ta."

Ba a buƙaci tambaya ba, domin Murja ta riga ta miƙe tsaye a cikin mata, hannunta a kan baki. Chloe ta matsa gefe, idonta a kan carbin.

"Wannan ma da ni zai shiga," in ji Hajiya Raki. "Ba don kowa nake ja ba sai don tawa."

Ta zauna kusa da 'yarta, ta kama hannunta a gaban kowa.

"Ashe kin san sunan," in ji Murja, tana dariya hawaye na zuba.

"Ke, rufe mini baki. Yi Hasbunallahu."

Da aka kira Murja ciki, su biyu suka miƙe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, da waɗanda suka koma gare Shi tun ba su ga duniya ba. Ya sa su zama masu ceton iyayensu. Mai karatu kuma, Allah Ya tsare ka daga tsayuwa a irin wannan ƙofa, in kuwa Ya ƙaddara, kada Ya bar ka kai kaɗai. Amin.