Ruwan Buta a Kan Narkakken Ƙarfe

Shekara ashirin da biyu Issaka yana zuba tukwanen alminiyam a bayan unguwar Alabar, kuma doka ɗaya yake nanata wa duk wanda ya taɓa riƙe masa awartaki: narkakken ƙarfe ba ya son ruwa. In ya zube, a ja baya, a watsa masa busasshen yashi, a bar shi ya huce don kansa.

Ɗansa Wahabu, wanda ya ba shekara ashirin baya, da safe yana maƙera, da yamma yana makarantar koyon injina. Shi ya taɓa ba shi labarin injin atom da ke ba Turawa lantarki. Ya ce in cikinsa ya narke yana iya cinye daɓen siminti ya yi ƙasa, kuma masanansu ba su gama sanin abin yi ba: a kwarara masa ruwa ya huce, ko ruwan ne zai sa ya tarwatse? Issaka ya yi dariya, ya ce su zo Zongo ya koya musu kyauta.

Cikin azumin 1969 gwamnati ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar. Issaka mutumin Dosso ne, ba shi da takarda ko ɗaya. Ya ƙudura sai ya narkar da duk tarkacen da ya tara kafin wa'adin ya cika. Ya riƙa cika tukunyar narki har baki. Yashin ma da ya ƙare bai sa an kawo wani ba, tunda tafiya za a yi.

Ran Talata ana kiran azahar, ya ɗauki buta ke nan zai yi alwala, gindin tukunyar ya tsage. Ƙarfen ya malalo yana walƙiya, ya nufi buhunan gawayi. Wahabu ya sunkuya da shebur zai tare shi da ƙasa. Hannun Issaka kuwa ya riga hankalinsa, ya juye butar duka. Abin ya yi ƙara kamar bindiga, ya fantsamu a fuskar Wahabu.

A asibitin Bantama aka naɗe masa idanu biyu, likita ya ce sai bayan kwana tara za a san ko zai gani. Maƙwabta suka yanke hukunci tun a bakin ƙofa: Wahabu ne ya zuba ruwan, don tsohon maƙeri kamar Issaka ba zai yi wannan wautar ba. Matarsa Mamuna ta yarda. Tana yi wa ɗanta fifita tana faɗa, wai littattafai sun cika masa kai har ya manta abin da ubansa ya koya masa. Wahabu bai ce uffan ba. Issaka ma bai ce ba.

Motocin masu komawa gida suka yi ta ficewa, su suna nan. Issaka ya daina taɓa butar, a famfon masallaci yake alwala. In an sha ruwa, sai ya ture kunun gefe. Kullum da safe sai ya shirya maganar da zai yi wa ɗansa tun daga Alabar, yana isa bakin gadon ta narke, ya ɓuge da tambayar ya jiki.

Rana ta tara likita ya warware bandejin. Idon dama ya buɗe yana hawaye, ya bi yatsan likita hagu da dama. Na hagu ya tafi. Mamuna ta yi hamdala, sannan ta fara: "Ka ga abin da ka ja wa kanka, ɗan nan?"

"Mamuna, bari," in ji Issaka. "Ni na zuba ruwan. Butata ce."

Mafici ya tsaya a hannunta. Ta dube shi kamar baƙo.

Wahabu ya juyo da dukan kansa, don yanzu sai haka zai ga uban nasa. Ya ce, "Na sani, Baba. Hannunka da butar su ne abu na ƙarshe da wancan idon ya gani."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ina jira ne in ji daga bakinka."

Issaka ya durƙusa a kan simintin, ya riƙe ƙafar gadon. Mamuna ta koma fifita, ba ta sake kallonsa ba.