Kafin A Buga Ƙarfe

Bencin 'yan aji uku ba don mai gemu aka yi shi ba. Gwiwoyinsa a tokare suke da ƙasan tebur, ƙafar hagu kan mutu tun kafin a fita hutu. Yara suna ce masa Kakan Aji. Da can yana harararsu, yanzu amsawa yake yi.

Ya gama sakandare, ga shi ya dawo yana jin ana rera biyu sau biyu. Dalilin yana zaune a gefensa, jikin taga: Auta, ƙaninsa, yana jera murafen kwalba, ja da ja, shuɗi da shuɗi. Auta ba ya kallon idon mutum, magana ma sai ta kama dole. Amma in Malama ta sa lissafi a allo, ya gama kafin ta kakkaɓe allin hannunta. Ƙara ce kawai ba ya iya ɗauka.

Ƙararrawar makarantar kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne, rataye a bishiya. Ranar farko da Maigadi ya maka masa guduma, Auta ya yi ta buga goshinsa a tebur har jini ya sauko masa a hanci. Tabon yana nan.

"Makaranta ba ƙararrawa ai kasuwa ce," in ji Hedimasta. "Yaro za mu riƙe shi, amma da ɗan gida a gefensa."

Umma tana fita wurin aiki tun da sassafe. Baba ya rasu. Sai shi.

"Na ɗan lokaci ne, Babban Yaya," ta ce. Ɗan lokacin nan ya cinye shekara, ya sa hannu a ta biyu.

Aikin ba wuya. Ido a taga. In Maigadi ya miƙe ya kakkaɓe bayan wandonsa, sai shi kuma ya rufe kunnuwan Auta da tafukansa, ya danna, yana ɗan gunji a maƙoshi har ƙarar ta mutu. An gwada auduga, Auta ya cire ya yar. Malama ta gwada nata hannun, ta sha cizo.

Wata rana da aka tashi, Malama ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Yayan Auta, na ji an ce kawunka ya samo maka wuri."

"Wajen masu haɗa sola ne. Ya ce in na wuce ƙarshen wata, ɗan wani zai shiga."

"To saurara. Jibi wata jami'a za ta zo daga ofishin ilimi. Suna da mataimakiya guda da aka horar don irin su Auta, makarantu kuwa kowa ya miƙa hannu. Inda ta ga wuta ta fi ci, nan za a kai ruwa."

"To?"

"To me? Kai ne matsalarmu. Kana zaune, aji lafiya lau kamar masallaci. Wa zai ba mai ƙoshi abinci?" Ta rage murya. "In lokacin hutu ya matso, ka ce za ka kewaya. Ka fita. Ka bar ta ta gani da idonta."

"Zai fasa kansa, Malama."

"Ina wurin, zan tare. Sau ɗaya ne. Ni ma ba daɗi nake ji ba, yara sun fi ƙarfin idona, ga shi ba wanda ya taɓa koya min yadda ake da shi. So kake ka yi furfura a aji uku?"

Ya kama hannun Auta suka wuce. A gida bai faɗa wa Umma ba. Ya dai lura da yadda take goge masa riga tana cewa, "Allah ya yi maka albarka," kamar mai ƙara ɗaure igiya.

Ranar ta zo. Hedimasta ya sa an wanke aji, an manna hotuna a bango don rufe tsaga. Jami'ar mace ce mai ƙiba, da tabarau da takalmin da ya sha ƙura. Ba ta yarda da kujerar da aka kawo mata gaba ba, ta koma baya ta zauna cikin yara.

"Wannan kuma ɗalibi ne?" ta tambaya.

"Kakan Aji ne!" wata yarinya ta ce. "Ya fi Malama tsawo amma ba a ƙara masa aji!"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya ɗan buɗe haƙora.

Darasi ya yi nisa. Inuwar bishiya ta matso inda take kaiwa in hutu ya kusa. Malama ta dube shi ta gefen ido. Ya zaro gwiwoyinsa daga ƙarƙashin tebur, ya miƙe.

"Malama, zan kewaya."

"Je ka."

Ƙafar da ta mutu tana tsikararsa kamar allurai. Ya fita, ya bi baranda, ya zagaya bayan ajin. Bai kai banɗaki ba. Ya tsaya jikin bango, inda yake hango bishiya, kuma tagar Auta tana kusa da kafaɗarsa.

Maigadi yana gyangyaɗi. Yayan ya yi fatan ya zarce da barcin har gobe.

Maigadi ya buɗe ido, ya dubi agogo, ya miƙe. Ya kakkaɓe bayan wandonsa.

Yayan ya leƙa ta tsakanin ƙarafan taga. Ashe Auta ma ya san alamar. Ya bar murafensa. Ya miƙa kansa gefe, inda hannu ya saba zuwa, ya jira. Hannu bai zo ba. Ya shafa bencin, wurin da babu kowa. Malama tana can tana raba wasu biyu da ke rigima a kan fensir, teburi huɗu tsakaninta da shi.

Maigadi ya sunkuya ya ɗauki guduma.

"Yaya," in ji Auta. A hankali, ba ya kallon kowa.

Yayan bai san lokacin da ya zura hannuwansa ta cikin ƙarafan ba. Tsatsa ta karce shi har gwiwar hannu. Ya kamo kan yaron, ya danna tafukansa, goshinsa manne da ƙarfen taga, yana gunji. Ƙara ta tashi, ta karaɗe fili, ta mutu. Auta ya ɗauki jan murfi ya ajiye kusa da ɗan'uwansa.

Da ya ɗago, yara duk suna kallonsa. Malama ta juya masa baya tana goge allon da babu rubutu.

Bayan yara sun fita, jami'ar ta zo bakin tagar. Ta daɗe tana kallon karcen hannunsa.

"Sannu, ɗana. Abin da muke ta fama mu koya wa malamai ke nan, ga shi kai ba wanda ya koya maka."

"Ai shi ya sa muke alfahari da shi," in ji Hedimasta daga bayanta.

"Hajiya," in ji Yayan Auta, "mataimakiyar fa?"

Ta cire tabarau ta murza ido.

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Jiya na je wata makaranta. Akwai yarinya irinsa, a ɗakin ajiye tsintsiya suke kulle ta in ta fara, don ba ta da kowa. Shi wannan yana da kai." Ta juya ga Hedimasta. "Ƙarfen nan kuma a sauya shi. Malama za mu kira ta horo in an buɗe na gaba."

"Za mu duba, ranki ya daɗe," ya ce, irin dubawar da ya yi bara.

Motarta ta tafi. Aka dawo daga hutu. Ya koma ya cusa gwiwoyinsa inda suka saba. Malama ba ta yi masa faɗa ba, ta dai ajiye masa auduga da ruwan wanke ciwo a kan tebur ta wuce.

Dab da tashi, wayarsa ta fara rawa a aljihu. Ya san Kawu ne, shi ya ce zai kira ya ji amsa. Ya kai hannu zai ciro ta.

A waje Maigadi ya miƙe yana kakkaɓe wando.

Auta ya miƙo kai.

Ya zare hannun daga aljihu. Aikin na hannu biyu ne. Wayar ta yi ta rawa a cinyarsa, ta gaji, ta yi shiru.