Gwam da Gwambo

Shekarar da gulbi ya janye a Yamai har mutane na ketarawa Kirkisoy da ƙafa, Illo na Gudel shi ne mai kifi. Ba kamun gulbi ba, wane gulbi? Rami ya haƙa ƙasan garkar yayarsa Hawwa, ya zuba 'yan karfasar da ya tsinto a kududdufai kafin su bushe. Su ke nan dukiyarsa, su yake nuna wa kowa kamar ya haife su.

Matsalar ita ce ruwan da ke gangarowa daga kwamin salati da kabeji. Masu garka sun samu takin zamani na taimako, sojoji sun raba, kowa na watsawa kamar gishirin gidan biki. Ruwan ban-ruwa ya kwaso takin ya kai ramin Illo. Cikin sati biyu ruwa ya koma kore shar, kifi suka taso sama suna buɗe baki. Kullum da safe sai ya kwashe matattu uku ko huɗu.

Ana haka Madan Dabora ta biyo, 'yar Dogonduci, ma'aikaciyar gona da ke zagaya garake bisa mobilet. Ta leƙa ramin, ta ce masa kifinsa abinci ya yi wa ruwansu yawa. Ya tare ruwan garka cikin tano, wato babbar ganga, tukuna, ya zuba abu mai danƙo ya juya, datti zai dunƙule ya kwanta da takin, sannan ya saki na sama. Da yake bakinta ya saba da faransanci, sai ta ce ya nemo "gwam", wato ƙaro.

Shi kuwa Illo aji biyu ya yi a lakwal, amma in ka ji shi yana faransanci sai ka rantse a ofisoshin Filato yake aiki. Ya ce wi Madan, ya gane sarai. Gwambo ya ji. Kuɓewa ke nan a faransanci.

Ya shiga ɗakin Hawwa ya sunkuto buhun busasshiyar kuɓewarta, ya daka, ya jiƙa, ya cika tano da yauƙi. Hawwa ta dawo daga kasuwa ta tarar da miyar wata uku na iyo cikin ruwan taki. Abin da ta faɗa masa ba na maimaitawa ba ne. Maƙwabta suka taru, wani ya tambaya ko kifin da tuwo za su ci, wani ya ce a kawo daddawa.

Bayan kwana biyu Madan Dabora ta dawo. Ta sa hannu cikin tano, ta ɗago, yauƙi ya biyo ta har gwiwar hannu.

"Illo, mi ne wannan?"

"Gwambo, Madan. Yadda kika ce."

Ta yi dariya har ta dafa mobilet kada ta faɗi. Sai dariyar ta tsaya, don ta lura ruwan saman tano garau yake, laka kuma ta kwanta ƙasa kirtif. Ta ɗiba a kwalba, ta ɗaga wa rana, ta daɗe tana kallo. Ta ce ita dai ƙaro ta ce, amma ya ci gaba, lakar kuma a maida ta kwami, taki ne ba a yar da shi. Nan Hawwa ta ɗan sauko, jin salatinta zai samu.

Illo ya dinga kwashe tsohon ruwan yana sakin sabo. Rana ta shida ya zo da sassafe, bai ga kifi ko ɗaya a sama ba. Gabansa ya faɗi, ya ɗauka sun ƙare. Ya tsuguna, ya watsa dusa. Ruwan ya yi shiru, sannan ya hau tafasa, karfasa na tasowa daga ƙasa suna turereniya.

Ya juya ya kalli Hawwa, ya ce, "Yaya, akwai sauran kuɓewa a tukunyar bayan ƙofa, ko?"